Fakewa da Guzuma a Harbi Karsana: Da'awar Addini da Kwaɗayin Ganima daga Daular Inka zuwa Ƙasar Gwari

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan tarihi a Minna, Jihar Neja

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yaƙe-yaƙen da aka yi a ƙarƙashin tutar addini a wurare biyu masu nisa da juna: cin daular Inka da Sifaniyawa suka yi daga 1532, da hare-haren da Kontagora da Bida suka riƙa kaiwa ƙasashen Gwari da Kambari da maƙwabtansu a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, har zuwa shigowar Turawan Ingila. Ma'aunin da ta yi aiki da shi guda ɗaya ne, wato abin da ya sami wanda ya miƙa wuya. Ta nuna cewa a wuraren biyu dukiya ce ta ja ragama, kuma malaman addinan biyu sun riga kowa faɗin haka.

Gabatarwa



Duk wanda ya ɗaga tuta ya ce don Allah ya fito, ba mu da hanyar leƙa zuciyarsa. Niyya tana wurin Masanin gaibu. Amma ɗalibin tarihi yana da abin da zai iya dubawa da idonsa. Idan mayaƙi ya ce ya zo ne don ya shigar da mutane addini, sai mu bi sawun wanda ya ce ya yarda, ko ya ce zai biya abin da aka aza masa a bar shi da ransa da gonarsa. An ƙyale shi? An zaunar da malami a garinsa? Ko kuwa baɗi da rani dawakai sun sake dawowa? Da wannan tambaya zan bi tarihin ƙasar da muke zaune a kanta yau. Na ɗauko labarin Peru ne don a can an rubuta komai, har nauyin zinariyar da kowane soja ya samu, kuma mutum ya fi saurin gane laifi idan na wani ne.

Kahamarka, 1532

A 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi, mulkin Musulmi ya ƙare a Andalus, a cikinta ne Kolumbus ya isa nahiyar Amurka. Shekara guda bayan haka Fafaroma Alexander na Shida ya ba sarakunan Sifaniya ƙasashen da aka gano bisa sharaɗin su Kiristantar da mutanen cikinsu. Daga 1513 aka tsara wata takarda da ake karanta wa mutanen gari kafin a far musu: su amince da coci da sarkin Sifaniya, in sun ƙi a yaƙe su, a bautar da matansu da 'ya'yansu, kuma alhakin yana wuyansu. Sau da yawa da Sifaniyanci ake karanta ta, ga mutanen da ba su taɓa jin harshen ba.

Francisco Pizarro ya hau tsaunukan Andes da mutum 168, 62 daga cikinsu a kan dawakai. Ya tarar da daula mai miliyoyin jama'a wadda ta fito daga yaƙin basasa tsakanin 'ya'yan sarki biyu, Huascar da Atahualpa. Ranar Asabar, 16 ga Nuwamba 1532, Atahualpa ya shigo dandalin garin Kahamarka a kan karagar da manyan fadawansa suke ɗauke da ita a kafaɗa, dubban mutanensa na biye ba tare da shirin yaƙi ba. Dandalin fayau, domin Sifaniyawa sun ɓuya da dawakansu a dogayen zaurukan da suka kewaye shi. Mutum ɗaya ya fito, fada Vicente de Valverde, gicciye a hannu ɗaya, littafi a ɗayan, tafinta na gefensa. Ya yi wa sarki bayanin addininsa, ya nemi ya bi sarkin Sifaniya. Atahualpa ya karɓi littafin, ya jujjuya shi, ya jefar a ƙasa. Iyakar wa'azin da aka yi wa daular Inka kafin a yaƙe ta ke nan, 'yan mintoci. Aka harba igwa, dawakai suka fito, kafin duhu ya rufa an kashe dubbai, ba a rasa Basifane ko ɗaya ba.

Sarki ya lura da abin da idanun baƙin ke bi. Ya yi alkawarin cika ɗaki mai tsawon ƙafa 22 da faɗin ƙafa 17 da zinariya har inda hannunsa ya kai, da azurfa ninki biyu na haka, a sake shi. Ya kuwa cika alkawari. Aka ɓamɓaro farantan zinariya daga bangon babban ɗakin bautar rana da ke Kusko, aka zuba aikin maƙeran ƙarnoni a wuta, aka fitar da wajen tan 6 na zinariya da kusan tan 12 na azurfa. Aka ware wa sarkin Sifaniya ɗaya bisa biyar, aka raba saura, mai doki ya sami ninkin rabon na ƙasa. Sannan ranar 26 ga Yuli 1533 aka ɗaure Atahualpa za a ƙone shi da rai. Valverde ya ce idan ya karɓi baftisma za a sassauta. Ya karɓa, aka raɗa masa suna Francisco, aka shaƙe shi da igiya.

Talakawansa ma sun karɓi baftisma, kuma ba ta tsare su daga komai ba. Aka rarraba su ga mayaƙa, kowa da garuruwansa, su yi masa aiki su biya shi haraji, shi kuma a takarda ya kula da karatunsu na addini. Da aka gano dutsen azurfa na Potosi a 1545, musamman bayan tsarin da gwamna Francisco de Toledo ya kafa a shekarun 1570, sai aka riƙa ɗibar ɗaya cikin kowane magidanta bakwai daga larduna 16, sama da mutum 13,000 a shekara, ana tura su ramuka. Kiristoci ne ke mutuwa a ramin Kiristoci. Da sarkin Sifaniya ya kafa dokoki a 1542 don rage wannan zalunci, mayaƙan suka yi tawaye a ƙarƙashin Gonzalo Pizarro, suka kashe wakilin sarki a 1546. Adalci ne a faɗi cewa daga cikin cocin aka sami masu tsawatawa. Bartolomé de las Casas ya yi muhawara a Valladolid a 1550, kuma har ƙarshen rayuwarsa yana kan cewa abin da aka kwasa a Peru ƙwace ne da ya wajaba a mayar.

Abin da littattafanmu suka shimfiɗa

Kafin mu dawo gida, ya kamata mu tuna ƙa'idar da shugabannin jihadin 1804 suka ɗora wa kansu. Duk almajirin da ya sauke Risala a zaure ya san ta. Ana fara kira zuwa Musulunci. Wanda ya karɓa, jininsa da dukiyarsa da 'yancinsa sun haramta. Wanda ya ƙi amma ya yarda da jiziya ya shiga amana, ba a kama shi, ba a taɓa rumbunsa, kamar yadda aka zauna da Maguzawa a ƙasar Kano. Ganima tana da hukunci, ana fitar da humusi kafin rabo. Tun 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta fatawa a kan waɗanda bai halatta a bautar ba, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa bautar da 'ya'ya Musulmi cikin laifuffukan sarakunan Haɓe.

A cikin wannan ƙa'ida akwai wata ƙofa da mai kwaɗayi ba zai kasa gani ba. Musuluntar gari kafin a ci shi tana rufe hanyar kama mutanensa. Amana ma haka. Ke nan wanda abincinsa ya rataya a kan bayi yana da riba a cikin zaman maƙwabtansa a kan addinin kakanninsu. A Peru ana yi wa mutum baftisma a ci gaba da morarsa, shi ya sa aka yi ta baftisma ba ƙaƙƙautawa. A nan kuwa Musulunta tana cire mutum daga jerin abin farauta, shi ya sa mahara ba su yi gaggawar Musuluntar da kowa ba.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya hango haka tun jihadi yana ɗanye. A 1807 ya bar rundunar jama'a ya nufi gabas da niyyar aikin Hajji, saboda ya ga hankalin mutane da yawa ya koma kan sarauta da dawakai da ƙwaraƙwarai da tara dukiya. Kanawa ne suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. Shehu al-Kanemi na Barno shi ma ya tuhumi masu jihadi da halatta kama 'ya'ya, kuma Muhammadu Bello bai ɓoye wasiƙunsa ba, ya kawo su cikin Infaƙul Maisuri ya ba da amsa. Saboda haka tambayar da nake yi tsohuwa ce a gidan Shehu, kusan shekara sittin kafin a kafa Kontagora.

Kontagora da Bida

Umaru Nagwamatse jikan Shehu ne, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku. Ya riƙe ribaɗi a Gwamatse, ya sami saɓani da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya gangaro kudu da mayaƙansa, inda ya tarar da ƙasa mai ƙananan sarautu da yawa da ba sa ga maciji da juna. A 1859 ɗan'uwansa Ahmadu ɗan Atiku ya hau gadon Sakkwato ya ba shi sarautar Sarkin Sudan, kuma a 1864 ya kafa Kontagora. Wushishi ta zama sansaninsa na gabas, mai fuskantar ƙasar Gwari. Ya rasu a 1876, ɗansa Modibbo ya gaje shi, sannan a 1880 Ibrahim ya hau, wanda a zamaninsa hari ya kai matuƙa. Shi ne ya rushe tsohon Birnin Gwari, garin da ya daɗe yana hulɗa da Katsina da fatake Musulmi.

A Bida zuriyar Malam Dendo ce ke mulki. Masaba, wanda ya yi sarauta ta biyu daga 1859 zuwa 1873, da magadansa Umaru Majigi da Maliki, sun kai yaƙi hayin Kwara, ƙasashen Yagba da Bunu da Owe da Akoko. A kowane gari da ya bi sai a ajiye wakili, wanda ake kira ajele, mai karɓar gandu. Idan wuri ya gaza, a biya da mutane. Garin da ya miƙa wuya yana ba da 'ya'yansa da hannunsa kowace shekara, wanda ya ƙi a zo a kwasa. Mu lura kuma, Musulunci ya riga zuriyar Dendo shiga fadar Nufe, domin Etsu Jibrilu Musulmi ne tun ƙarni na 18, amma hakan bai hana ƙauyukan Nufawa ɗanɗana yaƙi da ƙwace ba.

Me ya sa harin bai tsaya ba? Amsar tana cikin yadda aka gina waɗannan masarautu. Ƙarfinsu doki ne, doki kuwa ba ya daɗewa a ƙasar tsando, dole kullum a sayo sabo daga arewa. Bindiga da albarushi suna zuwa ta kogi daga hannun 'yan kasuwar Turawa. Darajar wuri tana faɗuwa, har bawa ya zama kuɗin da ake manyan ciniki da shi. Ga gaisuwar da ake aika wa Gwandu da Sakkwato, ga barade da suka taru daga ko'ina ba don komai ba sai rabon ganima, waɗanda in aka shekara ba a fita ba za su watse. Sarkin da ya Musuluntar da duk maƙwabtansa ya zauna da su lafiya ya rushe taskarsa da hannunsa. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa a 1900 bayin da ke daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5, kuma kudancin daular, wato nan, yana cikin manyan wuraren da ake ɗebo su.

Shaidar tana kewaye da mu. Minna ta asali a kan dutse take, haka garuruwan Gwari da dama, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi. Manomi ba ya zaɓar dutse don daɗi. Gona tana ƙasa, rafi yana ƙasa, amma doya da dawa da tulun ruwa duk sai an hau da su, a kafaɗar mata kamar yadda Gwarawa suke ɗaukar kaya har gobe, domin doki ba ya hawa inda mutum ke rarrafawa. Ana noma ido yana kan hanya, musamman in kaka ta wuce ƙasa ta bushe, lokacin da mahara ke fitowa. Mutumin da ya tashi a haka, me zai ɗauka game da addinin mai rawanin da ya ƙone masa rumbu ya tafi da 'yarsa? A ganina babu abin da ya jinkirta Musulunci a ƙasar Gwari da Kambari da Dakarkari kamar waɗannan hare-hare, kuma wannan hasara ce da ya kamata ta dami kowane Musulmi.

Za a ce yawancin labarin daga alƙalamin Turawa ya fito, su kuwa suna neman hujjar cin ƙasa. Gaskiya ne, kuma maganar nan da ake jingina wa Ibrahim, inda ya kwatanta kansa da kyanwar da ba ta iya barin kamun ɓera, ta hannunsu ta iso mana, sai a riƙe ta da hattara. Za a ce kuma ba masu tutar Shehu kaɗai ke hari ba. Haɓen Zazzau da suka kafa Abuja a 1828 sun yi, garuruwan Gwari ma sun yaƙi juna. Wannan ma gaskiya ne, sai dai su ba su ce jihadi suke yi ba. Akwai kuma shaidar da ba ta Bature ba ce. Bayan an kori Ibrahim daga Kontagora a farkon 1901, ƙasar Zazzau ya faɗa da hari, ƙasar sarki Musulmi ɗan'uwansa a biyayya ga Sakkwato, har Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakon Turawa, wanda ya zama sanadin zaman sojojinsu a Zariya a 1902. Ba na kawo wannan don tozarta wani gida. Gidajen nan sun fitar da malamai da sarakuna adilai, kuma ba a tuhumar jika da laifin kaka. Amma ba a yi wa Shehu adalci ba idan aka saka wannan aiki a ma'auni ɗaya da nasa.

Masu tutar hana bauta

Turawa sun zo da tasu tutar. A Janairu 1897 George Goldie ya kawo sojojin Kamfanin Royal Niger da manyan bindigogi ya ci Bida, yana cewa ya zo kashe cinikin bayi. Kamfanin nan ne ya kori sauran 'yan kasuwa daga kogin don ya ci ribar shi kaɗai. Da gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannunsa a 1900, ta biya shi fam 865,000, ta kuma ba shi rabin kuɗin da za a samu daga ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Hari ya tsaya, wannan alheri ne da ba za a musa ba. Amma Gwamna Lugga ya mayar da Ibrahim kan gadon Kontagora a 1903, ya yi mulki har 1929, domin abin da ake buƙata shi ne mai iya tara haraji. Bautar kanta ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Yaran da aka ƙwato aka tara a gidan 'yantattun bayi na Zungeru kuwa, da aka rufe gidan a 1909, mishan aka miƙa wa su a Rumasha.

Gwarawan da suka sauko daga dutse sun tarar da aikin tilas yana jiransu. Hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, da aka gina tsakanin 1907 da 1911, ta nan Minna ta bi, kuma ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar ma'aikata ana raba su da gonakinsu. A 1909 mutanen Gussoro suka kashe wani jami'in mulki Bature da 'yan sandan da ke tare da shi, aka aika sojoji suka murƙushe garin. Tsakanin wannan ɗiba da ta Potosi akwai bambancin yawa da na tsanani, amma tsarin ɗaya ne: sarkin gari ya kawo adadi, ko ya rasa rawaninsa.

Bayan dawakai sun daina zuwa

Addinan biyu sun shiga ƙasar nan da gaske ne a ƙarni na 20. 'Yan mishan na SIM sun zauna a Patigi a 1902, a Wushishi a 1904, suka shiga garuruwan Gwari da magani da makaranta da koyon harshen mutane. Musulunci ya bi kasuwa da tashar jirgi, ya bi malamin allo da ɗan koli da mahauci da auratayya, sannan rangadin Musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello daga 1963 zuwa 1965, wanda shi ma masana na muhawara a kan rabon siyasa a cikinsa. Abin da takobi ya kasa a shekara arba'in, maƙwabtaka ta yi shi. Yau a gida ɗaya na Gwari za ka sami liman da fasto, uwa ɗaya uba ɗaya.

Dalilin da ya sa na ga maganar ba ta tsufa ba shi ne zinariyar da ke ƙarƙashin ƙasar nan. A 2015 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi. A Afrilu 2021 Gwamna Abubakar Sani Bello ya sanar cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure cikin Shiroro. A Yuni 2022 aka kai hari wurin haƙar ma'adinai a Ajata Aboki, aka kashe sojoji da 'yan sanda. Ba na daidaita sarakunan jiya da 'yan ta'addan yau, domin waɗancan suna da daula da alƙalai da malaman da ke iya tsawata musu. Abin da nake cewa shi ne, matashin da aka koya masa cewa duk yaƙin da aka yi da kabbara jihadi ne, ba shi da abin da zai auna mai tutar da ya zo ƙauyensu yana wa'azi da safe yana karɓar harajin noma da yamma. Malamanmu na tarihi da na addini suna da wannan ma'auni a cikin littattafan Shehu da Abdullahi, kuma wajibi ne su koyar da shi tare da misalan gida, ko da misalan suna da ɗaci.

Kirana na ƙarshe ga sassan tarihi na jami'ar Lapai da Kwalejin Ilimi ta Minna ne. Kusan duk abin da muka rubuta a kan wannan zamani daga bakin fada ko daga rahoton Bature muka ɗauko shi. Jikokin waɗanda aka kai wa harin suna nan a Kuta da Paiko da Allawa da Gussoro, da labaran kakanninsu da sunayen kufansu, kuma da yawa daga cikin dattawan nan rashin tsaro ya kore su zuwa sansanonin gudun hijira a Kuta da Gwada. A tura ɗalibai masu jin Gwaranci su naɗi maganarsu tun suna raye.